Sirdin Goyon Ciki

Tun ranar da Maijidda ta sauko daga bayan babur a ƙofar asibitin Kiru, ta dafe ƙugu ta daɗe ba ta miƙe ba, Ɗahiru ya tsani sirdin nan. Shi kam ya saba da shi. Malamin gona ne, aikinsa ke nan yawo daga Ba'awa zuwa ƙauyukan da mota ba ta taɓa ganin hanyarsu ba, jikinsa ya riga ya yi kanta. Soson ya mutu tuntuni, ledar ta tsage an ɗaure ta da tsohuwar robar taya, in ka faɗa rami sai ka ji ƙarfe har tsakar kanka. Duk wannan bai taɓa damunsa ba. Amma ganin matarsa ta ciji leɓe don kada ya ji nishinta, shi ne abin da ya tsaya masa a rai.

Ga tafiya kuma ta matso. Cikin fari ne, ya tsufa, lokaci ya yi da za ta koma gaban mahaifiyarta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego a can. Gidansu yana bayan Doguwa, a wani ƙauye na gindin duwatsu da ake kira Rafin Ɗinya, inda Ɗahiru ya fara ganinta lokacin da aka tura shi aiki yankin. Ya je koya wa mahaifinta yadda ake sa takin zamani, ya gama koyarwar a yini ɗaya, amma ya yi ta komawa har damina ta fita. Yanzu ma damina ce, ta shekarar 1990, mota ba ta shiga Rafin Ɗinya sai ruwa ya ɗauke. Bas ɗin bakin titi kuwa sun gwada sau ɗaya, warin fetur da zafi suka sa ta yi ta amai har ta some kafin Kwanar Dangora.

"Ni dai kai za ka kai ni, Malam," in ji ta, tana ninke zannuwa ba ta dube shi ba. "Ko a kan icce ne zan zauna."

"Ai gara iccen. Icce ba ya cizo."

Ta yi dariya, sannan ta dafa gefen cikinta ta ɗan yamutsa fuska. Ba ta taɓa kiran cikin da sunansa ba, kunyar ɗan fari ta hana. Baƙon nan take cewa.

"Baƙon nan ma dariya yake yi maka. Ka ji yadda yake harbi?"

Ɗahiru ya dube ta, zuciyarsa ta cika har ta yi masa nauyi. A ransa ya rantse ba za ta sake zama a kan ƙarfen nan ba.

Washegari ya nufi Ƙofa, wurin Ubale mai ɗinkin sirdi. Rumfarsa tana gindin wata tsamiya a bakin hanya, tsofaffin siradan babura da na kekuna rataye a jikin ƙusoshi kamar busasshen kifi. Duk ɗan achaɓan da ke tsakanin Bebeji da Kiru ya san shi, ya kuma san bakinsa.

Ubale ya danna sirdin da babban yatsa, ya yi salati.

"Malam Ɗahiru, wannan sirdi ne ko dutsen niƙa? A kan wannan kake ɗora 'yar mutane? Wallahi da ni ne ubanta da na kai ka gaban alƙali."

"Shi ya sa na zo kafin a kai ni. Tafiya ce mai nisa, har bayan Doguwa. Kuma ba ita kaɗai ba ce."

"Ah! Masha Allahu. To, ka zo gidan magani."

Ya nuna masa sabon soso da ya saro daga Kano, fari tas, sai kuma ya wurgar da shi gefe da kansa. Ya ce wannan burodin tasha ne, kafin a wuce Tudun Wada ya zama takarda. Ya shiga bayan rumfa, ya jawo wata katifa ta aure mai kauri, rigarta mai furanni ta koɗe amma ba ta yage ba.

"Ka ga sirrin aikina. Sabon soso bai san mutum ba. Tsohuwar katifa kuwa jiki ya riga ya horar da ita, ta san inda za ta lotsa da inda za ta tare. Wannan ko shekara ba ta yi ana kwana a kanta ba, dubi gefenta."

"A ina ka samo ta?"

"Wani mutumin wajen Tudun Wada ne ya kawo ta ɗaure a bayan keke. Ya jingine ta a nan ya juya. Na ce bawan Allah tsaya mu yi magana, ya ce ya bar mini. Ko waiwaye bai yi ba."

"Ba ka tambaye shi dalili ba?"

"In na tsaya tambayar kowace katifa wa ya kwana a kanta, yaushe zan yi ɗinki?"

Ya farke rigar da reza. A tsakiyar soson akwai wani lotsawa mai tsawo, irin wanda mutum ke bari in ya daɗe yana kwanciya a gefe ɗaya ba ya juyawa. Ubale ya shafa wurin kamar mai shafa bayan doki.

"Nan ne zuciyarta. Nan zan yanko wa amarya. Kai naka wurin gefe ya ishe ka, ai ba kai ke ɗauke da kaya ba."

Ya yanka, ya shafa gam, ya ja baƙar leda sabuwa ya bi ta da ƙananan ƙusoshi, bakinsa cike da su yana magana ta hanci. Da ya gama, sirdin ya fito da faɗi a baya, da ɗan tudu a ƙarshe don mai zama a karkace ya jingina ƙugu. Ɗahiru ya danna shi da tafin hannu. Laushin ya karɓi hannun, ya riƙe shi kaɗan kafin ya sake. Akwai ɗumi a ciki. Ya ce a ransa gam ne bai gama bushewa ba.

A hanyar komawa Kiru ya lura babur ɗin ya ƙara nauyi. Bayansa ya ɗan zauna, a kwana kuma yana jan gefe ɗaya, yadda yake yi in an ɗauko mace zaune a karkace. Ya tsaya ya duba taya, iska ƙalau. Ya duba kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, ba komai sai robar ɗaure kaya. Wani ƙamshi ne kawai yake zuwa yana tafiya, na lalle da turaren wuta, irin na ɗakin amarya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Maijidda ta fito zaure ta gani, ta tafa hannu kamar ƙaramar yarinya. Ta hau ta zauna, babur ɗin a kafe. Ta lumshe ido. Ɗahiru ya tsaya yana jiran yabo, shiru. Ya kira ta, sai a kira na biyu ta buɗe ido, ta dube shi kamar ta dawo daga wani wuri mai nisa.

"Kamar an auna ni aka yi shi," ta ce a hankali. "Bayana ya daina ciwo gaba ɗaya."

Da ta sauka, lotsawar da ta bari ba ta taso ba. A kwanakin da suka rage kafin tafiya, ya sha shigowa ya tarar da ita zaune a kai cikin zaure, tsintsiya a hannu, ta manta da sharar. Ya ji daɗi. Ya ɗauka aikinsa ne ya yi kyau.

Ranar tafiya suka fita da hantsi, bayan ta yi sallama da matan gida an sha koke-koke da addu'o'i. Gari ya yi luf, gero da dawa sun rufe gefen hanya kore shar, hadari yana can gabas a kwance bai taso ba. Ya ɗaure ƙullin kayanta a kan tanki don ya bar mata baya duka. Ta zauna a karkace, ta lulluɓa da babban gyale ruwan ƙasa, hannu ɗaya a kan kariya, ɗaya a kan ciki. Ba ta taɓa riƙe shi a kan hanya ba, ko a daji, wai ido yana ko'ina.

Da farko hira take yi. Ta ce Inna za ta yi mata miyar zogale da gyaɗa, ta ce in ya daɗe bai zo dubiya ba za ta sa ƙannenta su sace masa filogin babur. Bayan sun bar Kwanar Dangora suka kama titin Tudun Wada, hirar ta fara tsinkewa. Ya faɗa wani rami da bai gani ba, ya yi saurin cewa sannu. Ba ta amsa ba.

"Jidda? Kada fa ki yi barci."

"Ban yi ba."

"Baƙon fa?"

Ta daɗe kafin ta ce, "Ya yi shiru tun da muka hau. Shi ma ya samu wurin hutawa."

Maganar ba ta yi masa daɗi ba, bai san dalili ba. Ya ƙara wuta kaɗan. Suka ratsa Tudun Wada, kasuwa tana ci, masu rake da masu gasasshiyar masara suna ɗaga musu hannu. Ya ce ko ta sauka ta miƙe ƙafa. Ta ce a'a, a wuce, an daɗe ana jira.

"Wa ke jira?"

"Inna mana."

Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara sirancewa, itatuwan dajin Falgore suka fara haɗa kai a gaba. A nan ne ya ji an kama rigarsa ta baya, wajen ƙugu, riƙo mai ƙarfi. Murmushi ya kuɓuce masa, ya ce yau kunya ta faɗi. Sai sanyin hannun ya ratsa rigar ya taɓa fatarsa, sanyi irin na randa da asuba. Ya dubi madubi. Hannun Maijidda ɗaya yana kan kariya. Ɗayan yana kan cikinta. A bayan kafaɗarta kuma, inda gyalenta ruwan ƙasa ya ƙare, wani gefen mayafi shuɗi yana kaɗawa a iska.

Ya taka burki har tayar baya ta ja ƙasa. Ya waiwaya. Maijidda ce kaɗai, idonta a rabin rufe, fuskarta a sake, kyakkyawa fiye da kullum, kyan da ya tsorata shi.

Can gaba kaɗan, a gindin wani kaɗanya, wata tsohuwar Bafulatana tana zaune da ƙoren nono. Ya lallaɓa ya tsaya a gabanta, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ta dama musu fura, ko matarsa za ta ji ƙarfi. Ya miƙa wa Maijidda hannu don ta sauko. Ta ƙi. Ya ɗan ja ta, ta ƙanƙame kariya da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

Tsohuwar ta taso da ƙwarya tana cewa, "Bar ta, ɗan nan, mai ciki ba a yi mata dole. Sannu 'yata, sannu da hanya."

Maijidda ta juyo da kai a hankali. Muryar da ta fito tata ce, amma lafazin ba nata ba ne, ya fi sanyi, ya fi ja.

"Inna Kulu. Kin ce za ki ajiye mini man shanu na jego. Kin ajiye?"

Ludayin ya faɗi daga hannun tsohuwar. Ta ja da baya har ta jingina da kaɗanyar, bakinta yana motsi da salati.

"Ka taɓa kawo ta nan?" ta tambayi Ɗahiru.

"Ko sau ɗaya ba mu taɓa tsayawa ba. Inna, don Allah, mene ne?"

"Mutum ɗaya na yi wa wannan alkawari. Luba."

Ta faɗa masa a tsaye, da sauri, idonta bai bar Maijidda ba. Luba 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a cikin dajin nan, Gidan Marke, inda Inna Kulu ta saba kai nono tun yarinyar tana rarrafe. Aka aurar da ita wajen Tudun Wada. Ta samu ciki, lokacin goyon ciki ya yi, ta ɗaure kayanta. Mijin ya ce bari a gama noman farko. Aka gama, ya ce bari a yi maimai. Kullum gobe. Ƙafafunta suka kumbura, ta kwanta a katifarta da ƙullin kaya a gefen kai, tana sauraron ƙarar kowane babur da ya wuce. A nan naƙuda ta same ta ba lokaci ba. Daga ita har abin da ke cikin ba wanda ya tashi. Uwar tana can ta share ɗaki ta haɗa itacen wanka, sai saƙo ya zo. Damina biyu ke nan. Uwar ba ta daɗe ba ta bi ta, sauran mutanen suka tashi suka koma bakin titi.

Ɗahiru ya tuna rumfar Ubale. Ya ga mutumin da ya jingine katifa ya juya ba waiwaye. Ya ga lotsawar da Ubale ya shafa. Ya faɗa wa tsohuwar daga inda soson sirdin ya fito.

"Amma Inna, wanda ya mutu ba ya dawowa. Na yi karatu, na sani."

"Ni ma na sani, ban ce ita ce ba. Amma akwai abin da ke kwana tare da mai kuka har ya haddace kukan. Ko mene ne, gida yake so."

"Bari in ɗauke ta da ƙarfi, in cinna wa sirdin wuta."

"Ka gwada ka gani ko za ta sake. In ka fizge ta, rabi za ka samu." Ta sunkuya ta ɗauki wata 'yar ƙwarya mai murfi da faifai, ta ɗora a ka. "Wadda ta zo goyon ciki ba a sauke ta a hanya, kuma ba ta sauka da kanta. Mace ce ke fitowa daga gida ta tarbe ta, ta kira sunanta, ta ce sauko. Ba wanda ya rage a Gidan Marke. Ni zan tarbe ta. Kai aikinka ɗaya: ƙafar matarka kada ta taɓa ƙasar wurin kafin waccan ta sauka. In suka sauka tare, tare za su shiga."

Hanyar ba ta da nisa, amma ciyawa ta cinye ta. Inna Kulu tana gaba tana ratsawa da sanda, Ɗahiru yana tura babur a kashe, Maijidda a kai tana lilo kamar mai jin wata waƙa. Nauyin ya wuce na mutum ɗaya, ya wuce na biyu. Gumi ya jiƙa shi. Rana tana tsaka amma hadarin ya taso ya rufe ta, hasken ya koma ruwan toka, ko inuwarsu babu. Tun yana jin kukan kurciya da ƙarar wata babbar mota can a titi, har ya daina jin komai sai numfashinsa da ƙarar sarƙa.

Marken ya fara bayyana, sannan katangu. Jinka duk ta rufta. Wani turmi yana kwance ya ruɓe, kabewa ta hau kansa ta yi yaɗo. A jikin wani ɗaki da ƙofarsa ke tsaye ba ƙyaure, akwai tarin itace an jera da kyau, gara ta ci rabinsa, da babbar tukunyar wanka a kife.

Maijidda ta miƙe zaune. Fuskarta ta haskaka da wani farin ciki da bai taɓa gani ba, ko ranar da aka kawo ta gidansa.

"Mun iso," ta ce, ta fara zamewa.

Ya kafe babur da ƙafa, ya zube a gwiwa cikin taɓo, ya tare tafin ƙafafunta biyu da hannuwansa, ya manna su a ƙirjinsa. Sanyi ƙalau suke. Ta danna. Ya ji kamar an ɗora masa buhun hatsi.

"Sake ni, bawan Allah. Inna tana jira."

"Innarki tana Rafin Ɗinya, Jidda. Tana can ta tsinko zogale. Wannan ba gidanku ba ne."

"Na gaji. Ka bar ni in kwanta. A nan ba abin da ke ciwo."

Hawaye suka zubo masa, bai iya share su ba don hannuwansa ba nasa ba ne yanzu. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, numfashi yana yanke masa ita gunduwa-gunduwa. Gwiwoyinsa suna nitsewa. Yatsan ƙafarta ɗaya ya zame daga hannunsa, ya tsaya dab da ciyawa, ya cafko shi.

A bayansa Inna Kulu ta karyo reshe ta share bakin ƙofar ɗakin, ba gaggawa, kamar mai jiran baƙi tun safe. Ta buɗe 'yar ƙwaryar, curin man shanu ne a ciki, ta ajiye a dokin ƙofa. Ta yi bisimilla. Sannan ta juyo, ta buɗe hannuwa, muryarta ta tashi da irin murnar da mata ke yi in 'ya ta dawo gida, duk da kuka yana cikinta.

"Lale, lale! Luba ce? Maraba da mutanen Tudun Wada! Kin sha hanya, 'yar nan. Ga ɗaki an share, ga manki na ajiye. Sauko, Luba. Sauko, kin iso."

Nauyin bai ragu ba. Ɗahiru ya ɗaga kai, bai dubi matarsa ba, ya dubi wurin da ke bayan kafaɗarta, inda ba kowa.

"Baiwar Allah," ya ce, "an ce za a kai ki, ba a kai ki ba. Ga shi na kawo ki har ƙofa. Wannan ita ma uwarta tana jira. Don girman Allah ki bar mini ita."

Ya ƙara matse ƙafafun matarsa a ƙirjinsa. Sai babur ɗin ya yi wata 'yar ƙara, bayansa ya taso, yadda yake yi in fasinja ya sauka. Ciyawar da ke tsakaninsu da ɗakin ta kwanta a siririn layi, sannu a hankali, irin tafiyar mai nauyin jiki. Inna Kulu ta matsa gefe ta ba da hanya. Ƙamshin lalle da turaren wuta ya wuce ta gabansu, ya shiga duhun ɗakin, bai fito ba.

"Wayyo bayana!"

Maijidda ce, da muryarta, da lafazinta, fuska a yamutse.

"Wayyo Allah, ƙuguna zai ɓalle. Malam, me kake yi a ƙasa? Sakar mini ƙafa, ga mutane! Ina ne nan?" Ta yi tsit, ta dafe ciki da hannu biyu, ido ya firfito. "Kai! Wannan wane irin harbi ne?"

Ɗahiru ya kifa goshi a kan ƙafafunta, ɗumi yana dawowa cikinsu, ya yi kuka kamar yaro. A rayuwarsa bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ƙorafi ba.

Duk da haka bai yarda ta taka ƙasar ba. Ya ɗauke ta cak, tana ta faɗa tana rufe fuska, ya kai ta bayan marken can wajen kufan, ya zaunar da ita a kan wani dutse kusa da Inna Kulu. Ya koma ya ciro sifana ya kwance sirdin. Da ya ɗaga shi, ba shi da nauyin komai, kuma lotsawar ta taso, ledar ta miƙe sumul kamar ba a taɓa zama a kai ba. Ya jingine shi a jikin ɗakin, kusa da tukunyar wanka, ya yi wa Luba da mahaifiyarta addu'ar samun rahama. Bai leƙa ciki ba.

A bakin titi suka rabu da Inna Kulu. Ta ƙi karɓar komai, ta shafa kan Maijidda ta ce Allah ya raba lafiya, ta koma gindin kaɗanyarta ta zauna tana kallon daji.

Sauran tafiyar a kan zannuwa suka yi ta. Ya kwance ƙullin kayan, ya ninka su duka ya shimfiɗa a kan ƙarfe, ya ɗaure da roba, shi kuma ya zauna rabi a kan tanki. Yayyafi ya kama su kafin Doguwa. Maijidda ba ta tuna komai ba tun daga Kwanar Dangora, kuma ba ta yafe masa sirdin ba.

"Sirdi mai kyau, ka je ka yar a daji. Wash! A hankali mana. Wallahi sai na gaya wa Inna."

"Gaya mata. Ƙara faɗa, ina ji."

"Au, daɗi ma kake ji?"

"Ƙwarai."

Duk ramin da suka faɗa sai ta yi ƙara, duk ƙarar da ta yi sai ya ce alhamdu lillahi a ransa. In ta yi shiru kaɗan, sai ya tsokane ta har ta tanka. A wani gangare mai santsi ya ji an kama rigarsa ta baya, ya dubi ƙasa da sauri. Hannunta ne, da zoben azurfar da ya saya mata, da ɗuminsa.

La'asar ta yi sanyi suka shiga Rafin Ɗinya. Yara suka ruga da labari. Kafin ya kashe babur, mahaifiyarta ta fito daga zaure tana gyara ɗaurin zane, hannuwa a buɗe.

"Lale, lale! Maijidda ce? Maraba da mutanen Kiru! Sauko, 'yar nan, sauko, kin iso."

Tsigar jikin Ɗahiru ta tashi. Bai san lokacin da ya riƙe hannun matarsa ba, a gaban surukarsa, a gaban kowa. Maijidda ta zare masa ido, ta fizge hannun cikin kunya, ta dafa kafaɗar uwarta. Ya bi ƙafarta da kallo har ta taka ƙasa. Ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ƙugu, tana ɗingishi, ta shiga gida tana ba da labarin mugun mijin da ya kawo ta tun daga Falgore a kan ƙarfe.